Fatawa: Hukuncin Kwalliyar Dodanni da Fatalwa Irin ta Finafinan Ban Tsoro

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah gafarta Malam, ni mai kwalliyar amare ce a nan Damagaram, shekarata 4 a sana'ar, da ita nake taimakon mahaifiyata da ƙannena. Tun bara na fara koyon wata irin kwalliya a waya, wadda ake mayar da fuskar mutum ta koma irin ta dodannin finafinan ban tsoro: wani kamar wuta ta cinye masa rabin fuska, wani kamar gawa ta taso daga kabari, wani da haƙora zaƙo-zaƙo jini na zuba, wani kuma kamar aljani. Ana yi da fenti da auduga da gam da wata roba mai ruwa da ke daskarewa a fata. Allah ya sa hannuna ya faɗa, har na fi samun masu kallo da ita a TikTok fiye da kwalliyar amare.

Yanzu mutane iri uku suka neme ni. Wasu ɗalibai za su yi shagali daren ƙarshen watan Oktoba, wai Halowin, kowace fuska jikka biyar. Wasu samarin wata fada suna so in yi wa ɗayansu shigar fatalwa, ya laɓe a lungu bayan isha'i yana firgita masu wucewa, su kuma suna ɗaukar bidiyo a ɓoye. Sai wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke shirya wasa kan haɗarin kabu-kabu da shan tramol, suna son raunuka da jini.

Kuma Malam, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na gwada a fuskar ƙanena, ya fito tsakar gida da magariba, ƴar maƙwabtanmu mai shekara 6 ta gan shi ta zube tana ihu. Yau kwana goma ba ta barci sai da firgita. Mahaifiyata ta ce in bari, canza halittar Allah ce. Ƙawayena sun ce ai wasa ne. Mene ne hukunci? Kuɗin halal ne? Yaya sallar wanda aka yi wa? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ƴata, Allah ya yi miki albarka, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar gida da kike yi. Na ji daɗi da kika tsaya kika tambaya kafin ki karɓi kuɗin kowa. Tambayarki ba hukunci ɗaya gare ta ba, kuma ba fentin da ke hannunki ne ke yanke hukuncin ba. Abin dubawa shi ne fuskar wa za a kwaikwaya, wa zai gani, kuma a wane taro. Zan fara da firgitarwa, irin wadda ta sami yarinyar maƙwabtanku, ko da yake ita kika ajiye a ƙarshe, domin ita ta fi tsaya mini a rai tun da na karanta saƙonki.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdurrahman ɗan Abu Laila, ya ce sahabbai sun ba su labari cewa suna cikin tafiya tare da Annabi sallallahu alaihi wa sallam, sai barci ya ɗauki ɗayansu. Wani ya lallaɓa ya ɗauke igiyar da ke tare da shi, mutumin ya farka a razane. Sai Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce: "Bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba." Ki dubi ƙanƙantar abin da ya jawo wannan magana. Igiya ce kawai, tsakanin abokan tafiya, manyan maza, kuma cikin raha. Ba a doki kowa ba, ba a zubar da jini ba, razanar ma ta ɗan lokaci ce. Amma lafazin da ya fito shi ne "bai halatta ba", kuma wannan lafazi haramci yake nufi. A wani hadisin da Muslim ya fitar daga Abu Huraira, wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe, mala'iku suna la'antarsa har sai ya bari, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. An ambaci shaƙiƙi ne don a nuna cewa ko inda babu zargin mugun nufi, hanin yana nan.

Saboda haka maganar ƙawayenki cewa ai wasa ne ba ta tsaya ba, domin a kan wasa hadisin ya zo. Wasa sai mutum biyu sun yarda. Wanda ya biyo lungu zai koma gida bai yarda da komai ba.

Abin da samarin fadar nan suka nema haramun ne, babu kokwanto a cikinsa. Haramun ne ga mai laɓewa, da mai riƙe da waya, da ke da za ki ƙera fuskar, don Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 2 kada ku taimaki juna kan zunubi da ƙetare haddi. Ki zauna ki lissafa masu bin lungunan Birni ko na Zango bayan isha'i. Tsoho ne mai hawan jini ya taso daga masallaci, mace ce mai ciki za ta sayo magani, almajiri ne da robar bararsa, yarinya ce ta dawo daga talla. Kuma mu mutane ne da suka yi imani da samuwar aljanu, imani na gaske da Alƙur'ani ya tabbatar. Wanda ya ga abu fari ya taso masa cikin duhu ba zai ce fenti ne ba. Wani zai faɗi ya karye, wani zai kwanta jinya, wata za ta shekara ana yi mata ruƙya. Shi kansa saurayin bai tsira ba: in aka yi masa ihu jama'a suka fito da sanduna, wa zai tsaya sauraron cewa bidiyo ake ɗauka? Sannan ga yaɗa hoton baiwar Allah tana gudu mayafinta ya faɗi, duniya na dariya. Wannan wani zunubi ne a kan na farko. Ko wanda aka firgita ba Musulmi ba ne, zalunci zalunci ne.

Ina so samarin su ji wannan ma, in saƙon zai kai gare su. A mazhabarmu ta Malikiyya firgitarwa tana jawo biyan diyya. Shaihu Dardiri, wajen sharhin Muhtasar na Halilu, ya bayyana cewa idan mace ta yi ɓari saboda duka ko saboda tsoratarwa ba bisa haƙƙi ba, wanda ya jawo zai biya abin da ake kira gurra, wato ushirin diyyar uwar. A Muwaɗɗa an ƙiyasta ta da dinari 50 ko dirhami 600. Dinarin shari'a zinariya ce da ta ɗan haura giram 4, sai ki auna da farashin zinariya a yau ki gani. Malamanmu ba su taɓa ɗaukar tsoro a matsayin iska mai wucewa ba. Sun san yana zubar da ciki, yana kuma kisa.

Sai maganar mahaifiyarki. Hajiya ta yi daidai da ta taka miki birki, kuma zuciyarta ta hango cutar tun kafin ke ki hango. Sai dai dalilin da ta kawo yana bukatar a ɗan warware shi, don kada ki ɗauka duk sana'arki ta lalace. Canza halittar Allah ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 119, inda Shaiɗan ya yi alwashin zai umarci mutane da shi, ya kuma zo a hadisin Ibnu Mas'ud da Buhari da Muslim suka fitar kan masu zanen allura a fata, da masu tsige gira, da masu fiƙe haƙora don ado. Imamu Ƙurɗubi, babban malamin tafsirinmu da ya rasu a shekara ta 671 bayan hijira, ya ce a ƙarƙashin wannan aya hanin ya shafi abin da ke dawwama ne, amma wanda ba ya dawwama, kamar kwalli, Malik da waninsa sun halatta shi. To fentin da sabulu ke wankewa kafin a kwanta bai shiga wannan babi ba, kamar yadda lalle da jan baki na amare ba su shiga ba. Abin da zai shiga shi ne a fiƙe haƙori ya yi tsini, ko a aske gira don a yi kama da dodo, ko a yi zanen da ba ya fita. Waɗannan kada ki yi wa kowa, komai kuɗinsa.

Shafa wa fuska wani abu cikin raha ma ya faru a ɗakin Annabi sallallahu alaihi wa sallam. Abu Ya'ala ya ruwaito cewa Nana A'isha ta dafa wani abinci mai ruwa-ruwa, ta ce wa Nana Sauda ta ci, ta ƙi, sai ta shafa mata a fuska. Annabi ya yi dariya, ya ba Sauda dama ita ma ta rama. Addininmu bai hana raha ba. Kowa a ɗakin ya san kowa, babu wanda ya razana, kuma babu wanda aka wulaƙanta.

Yanzu mu dubi fuskokin da kika lissafa.

Ta aljani da shaiɗan, da farko ma ƙirƙira ce. Allah ya ce a Suratul A'araf aya ta 27 Shaiɗan da rundunarsa suna ganinku ta inda ba ku ganinsu. Kamannin nan da ake nunawa a fim daga tunanin mutane suka fito. Amma niyyar mai shigar ita ce a ce ga shaiɗan, kuma a nan matsalar take. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya shigo masallaci gashin kansa da gemunsa a hargitse, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya yi masa nuni ya fita ya gyara. Da ya dawo sai ya ce, ashe wannan bai fi ɗayanku ya zo da kai a hargitse kamar shaiɗan ba? Wannan fa mutum ne da bai yi nufin kama da kowa ba, sakaci ne kawai. An hana mu ci da hannun hagu don Shaiɗan da hagu yake ci. Suratu Faɗir aya ta 6 ta ce maƙiyinku ne, ku riƙe shi maƙiyi. Yaya wanda Allah ya ce ya halitta shi a mafi kyawun tsari zai zauna awa uku gaban madubi, ya biya kuɗi, don ya fito da kamar maƙiyinsa ya yi alfahari da ita? Akwai malaman zamani da suka haramta wannan kai tsaye. Ni abin da nake gani, mafi ƙarancin hukuncinsa idan don nishaɗi ne kawai shi ne karhanci mai tsanani, kuma yana zama haramun da zarar ya haɗu da firgitarwa ko bikin da ba namu ba. Da wuya kuwa a same shi bai haɗu da ɗayansu ba.

Ta gawa mai tafiya kuma ta taɓa aƙida. Suratul Muminun aya ta 99 da ta 100 sun yanke magana: wanda ya mutu yana roƙon a mayar da shi, a ce a'a, kuma a gabansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su. Larabawan jahiliyya suna cewa wanda aka kashe ba a ɗaukar masa fansa ba wani tsuntsu da suke kira hama yana fitowa daga kabarinsa yana kuka, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya kore wannan da cewa babu hama. Mu ma muna da namu camfe-camfen na fatalwa da maita, kuma malamai sun daɗe suna fama da su. Tsofaffi nawa aka ƙaurace wa a ƙauyukanmu don yaro ya yi mafarki ya kira sunansu an ce mayu ne? Duk hoton da zai sake dasa wa yara cewa matattu na yawo da dare, ko wani na shan jinin mutane, ruwa yake zuba wa wannan mugun iri. Likkafani kuma ba kayan wasa ba ne. Ita ce suturar da aka sa wa kakanninki, ita za a sa mini, ita za a sa miki. An umarce mu da yawaita tuna mai yanke jin daɗi don zuciya ta yi laushi, kuma ina jin tsoron zuciyar da ta saba dariya da likkafani ta daina girgiza in an wuce da makara.

Amma wadda ta fi damuna, kuma ban cika jin ana magana a kanta ba, ita ce fuskar da kika ce kamar wuta ta cinye rabinta. Ƴata, wannan ba fuskar dodo ba ce. Fuskar mutane ce, kuma suna nan cikin garinmu. Akwai mai farfaɗiya da ta faɗa murhu tana girki. Akwai yaron da tafasasshen kunu ya zube masa yana rarrafe. Unguwar Kara-Kara kowa ya san tarihinta, can aka riƙa tsugunar da kutare nesa da idon jama'a. Kuma a nan Damagaram akwai cibiyar ƙungiyar Sentinelles, tun shekarun 1990 tana karɓar yaran da cutar noma ta kama, wannan cuta da ke farawa daga dasashi ta ci kumatu da leɓe da hanci cikin ƴan kwanaki. Mafi yawan waɗanda take kamawa ƴan shekara 2 zuwa 6 ne da rashin abinci mai gina jiki ya raunana, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Wanda ya tsira daga gare ta yakan rayu da haƙora a waje, kumatu a ɓule. Ki faɗa mini, me ya raba wannan da abin da kike haɗawa da auduga da gam?

Na sha ganin uwa ta rufe fuskar ɗanta da gefen zane in za su ratsa kasuwa, ba don rana ba, don idanun mutane. Masu shirya finafinan nan sun mayar da tabo da ƙuna alamar mugunta, har yaro ya tashi yana ganin duk mai irin wannan fuska abin gudu ne. Musulunci akasin haka ya koya mana. A hadisin mutum uku na Bani Isra'ila da Buhari da Muslim suka fitar, da mala'ika ya tambayi mai cutar fata me ya fi so, cewa ya yi launi mai kyau da fata mai kyau, kuma abin da mutane ke ƙyamata saboda shi ya rabu da ni. Ƙyamar mutane ita ce rabin ciwonsa. An koya mana addu'ar da ake yi in an ga wanda aka jarraba, ta gode wa Allah da ya ba mu lafiya, kuma malamai suka ce a yi ta a asirce don kada ya ji zuciyarsa ta karye. Addinin da ya kiyaye zuciyarsa daga jin addu'a, yaya zai yarda a ɗauki kamanninsa a je shagali da su, a yi ta ihu ana dariya, da safe a wanke, shi kuwa nasa ba ya wankuwa? Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Na san ba ki yi nufin izgili ba. Amma yarinyar da noma ta ci wa fuska, in ta ga bidiyon a wayar yayanta, ba niyyarki za ta gani ba. Wannan nau'in, in don ban tsoro ko ban dariya ne, ina ganin haramcinsa.

Batun Halowin ba ya bukatar dogon bayani. Sunan da kansa yana nufin jajibirin ranar tsarkaka, wadda cocin Katolika ke yi ranar 1 ga Nuwamba, washegari kuma ranar tunawa da matattu. Ya cakuɗu da wani tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ayalan da Sikotilan tun kafin Kiristanci ya isa gare su, mai ɗauke da camfin cewa a wannan dare ruhohi na kusantar masu rai. Masu ƙaura daga can suka kai shi Amurka a ƙarni na 19, kasuwanci da finafinai suka yaɗa shi duniya. Ɗaliban za su ce su ba su san wannan ba, nishaɗi kawai suke so, kuma na yarda da su. Ba na kafirta kowa a kan haka. Amma mutanen Madina ma wasa kawai suke yi a ranaku biyu da suka gada daga jahiliyya, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce musu Allah ya musanya muku da waɗanda suka fi su, ranar layya da ranar ƙaramar salla. Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito daga Anas. Ga kuma hadisin Ibnu Umar, wanda ya yi kama da wasu mutane yana cikinsu. Keɓe daren 31 ga Oktoba da shigar matattu shi ne ainihin alamar bikin, don haka bai halatta ki yi musu ba, jikka biyar ɗin nan ki bar ta.

Wani zai ce to tashe fa, da yara ke shafa toka su liƙa gemun auduga cikin azumi, ko wasan kara da aka san Damagaram da shi? Waɗannan a bainar jama'a ake yin su, kowa ya san ɗan wane ne a cikin shigar, kuma ba su jingina da ibadar wasu ba. In a cikinsu ma aka firgita yaro ko aka ci mutuncin wani, hukuncin da na faɗa ya hau kansu.

Ƙungiyar wasan kwaikwayon nan ita ce ƙofar da nake so ki shiga. Malamai sun yi saɓani kan wasan kwaikwayo, ni ina tare da masu halatta shi in saƙonsa na alheri ne kuma an kiyaye iyakoki. Mai kallo ya zo da ƙafarsa, ya san wasa ne, babu yaudara. Raunin da za ki zana a goshin ɗan kabu-kabu don saurayi ya gani ya rage gudu ko ya rabu da tramol, tsoro ne mai amfani, irin wanda wa'azi ke sawa. Masu koyar da agajin gaggawa da ɗaliban aikin jinya a ƙasashe da yawa da irin wannan kwalliya suke gwaji, a yi wa mutum karaya ko ƙuna ta ƙarya don mai koyo ya saba kafin ya gamu da ta gaske. A nan ko fuskar ƙuna kika yi babu laifi, domin ana nuna ta ne don a tausaya a kuma yi magani. Wannan aiki halal ne, ladarsa halal ce, in kika kyautata niyya har lada za ki samu wurin Allah. Hannun da Allah ya ba ki baiwa ce, kada ki jefar da ita.

Sai dai ki kiyaye wasu abubuwa. Fuskar namiji baligi da ba muharraminki ba, ba naki ba ne ki taɓa ta, balle ki shafe awanni kina shafa ta. Ki yi wa mata da yara, maza kuma ki koya wa ƙanenki ya yi musu kina nuna masa, ko ki haɗa raunin a gefe su liƙa da kansu. Kada ki keɓe da namiji a ɗaki. Kada wanda aka yi wa ya fita titi da shigar, a wanke a inda aka yi wasan, kuma a sanar da iyaye tun farko in akwai abin da ƙananan yara ba za su iya gani ba.

Kayan aiki ma akwai magana. Jinin da aka ɗebo daga mahauta najasa ne, kada ya taɓa jikin kowa. Zuma ko sukari da aka dafa, da ruwan zoɓo mai kauri ko launin abinci, sun wadatar, kuma masu tsarki ne. Jalatin da ake narkawa a yi fatar ƙarya, da yawansa daga fatar alade ake samo shi. Malamai sun yi saɓani kan ko sarrafawa ta tsarkake shi, amma ke da ƙaro yake a kasuwar Dole ga kuma kakin zuma, me zai kai ki cikin saɓani? Robar nan mai ruwa wasu jikinsu ba ya karɓarta, tana sa ƙaiƙayi da kumburi, wani har numfashinsa ya toshe, don haka ki gwada kaɗan a hannu tukuna. Gam ɗin liƙa takalmi ko fentin gini ba na fata ba ne. Gilashin nan mai launi da ake liƙawa a ƙwayar ido, in ba likitan ido ne ya auna ba, yana iya ƙarzar ido ya sa masa ciwon da zai kai ga makanta, ya fi muni in ana karɓa-karɓa da shi. Ƙa'idar ita ce hadisin da ke cikin Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa.

Salla kuwa, duk wanda ya karanta Ahlari ya san wanke fuska da cuɗawa suna cikin farillan alwala 7 a wurinmu. Duk abin da ke da jiki ya hana ruwa isa fata, roba ce ko gam ko kaki ko fenti mai maiƙo, alwala ba ta inganta a kansa, salla kuma ba ta inganta ba tare da alwala ba. Muslim ya ruwaito daga Umar cewa wani ya bar wuri kamar faɗin farce a ƙafarsa bai wanke ba, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce ya koma ya kyautata alwalarsa. Lalle daban ne, launi kawai yake bari. Shafa a kan ɗauri an yi rangwamensa ne ga mai rauni na gaske, raunin auduga ba ya cikinsa, kuma babu taimama ga wanda ruwa ke gabansa. Mafita ita ce mutum ya yi alwala kafin ki fara. Muddin ba ta karye ba, kuma abin da aka shafa mai tsarki ne, sallarsa ta yi, ko da yake ba na son kowa ya tsaya gaban Ubangijinsa da irin wannan kama, balle ya shiga sahu ya ɗauke hankalin masallata. In ta karye sai a cire, ko aikin awa huɗu ne. Mafi sauƙi ki tsara aikin bayan asuba zuwa azahar, ko bayan isha'i.

Kuɗi yana bin aiki. Sharaɗin ijara, wato aikin da ake biya a kansa, a fiƙihunmu shi ne amfanin da ake biya a kansa ya zama halal. Na ƙungiyar wasan ki ci da daɗin rai, na ɗaliban da na samarin ki mayar in kin riga kin karɓi kafin alƙalami. Abin da kika samu a baya cikin rashin sani, ki yi istigfari, ba na ɗora miki mayar da shi. Bidiyoyin da ke shafinki ki bi su ɗaya bayan ɗaya: na aljanu da gawa da na fuskokin masu lalura ki goge, domin yara ne ke riƙe da wayoyin iyayensu da dare. Wanda ke nuna yadda ake haɗa rauni don wasan faɗakarwa, da bayani a farkonsa, ki bar shi. Na san masu kallo za su ragu, kuma na san hakan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciyar da gida. Ki riƙe kwalliyar amare da kyau, ita ce uwar sana'arki, ki kuma nemi masu wasannin faɗakarwa da makarantun koyon jinya ki nuna musu abin da kika iya.

Yarinyar nan kuma tana da haƙƙi a kanki, ko da ba da gangan kika yi ba, kuma istigfari shi kaɗai ba ya sauke haƙƙin bawa. Ki je gidansu ke da mahaifiyarki, ki faɗa wa iyayenta gaskiyar abin da ya faru ki nemi gafara, domin mai yiwuwa har yanzu suna zaton gamo ta yi, suna kashe kuɗi wurin masu magani. In sun amince, ki kawo ƙanenki da rana tsaka da fuskarsa wankakkiya ya zauna kusa da ita, ki nuna mata audugar da fentin ta taɓa da hannunta, ki ɗiga ɗan ja a bayan hannunki ki goge tana kallo. Kada a tilasta mata, kada a yi mata dariya, kada kuma a sake nuna mata waccan fuskar. Mahaifiyarta ta riƙa karanta mata Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu tana shafe mata jiki lokacin kwanciya, kamar yadda Annabi sallallahu alaihi wa sallam yake yi wa kansa, a bar mata fitila, ta kwana kusa da uwarta. In firgitar ta ci gaba, ko ta daina cin abinci, ko ta koma fitsarin kwance, a kai ta asibiti, kuma abin da aka kashe ki ɗauki gwargwadon ikonki.

Wallahu a'alam.